RA'AYINMU: Waƙa Ta Yi Tafiya, Mai Ita Yana Gida

A shekarar 2010 ne wata mawaƙiya 'yar ƙasar Suwidin mai suna Robyn ta fitar da waƙarta Dancing On My Own, wadda ta tsara tare da wani makaɗi ɗan ƙasarsu, Patrik Berger. Waƙa ce irin ta zamani, babu kalangu babu goge a cikinta, na'urar kiɗa da kwamfuta ne suka yi kusan dukkan aikin, kuma labarinta bai wuce na mace mai kallon wanda take so ya koma wa wata ba. Da fitarta ta hau matsayi na 1 a Suwidin, ta kai na 8 a Birtaniya, amma a Amurka ko shiga jerin waƙoƙi 100 da suka fi kasuwa ba ta yi ba. Sai ga shi a hankali ta ƙi mutuwa. A 2016 wani matashi Baturen Ingila, Calum Scott, ya sake rera ta da salonsa har ya kai ta matsayi na 2 a ƙasarsu, sannan a 2021 mujallar Rolling Stone ta Amurka ta sanya ta a lamba ta 20 cikin waƙoƙi 500 da ta ce sun fi fice a tarihi.

Mai karatu a Dumega ko Tibiri yana da haƙƙin ya tambaye mu: ina ruwan Arewa da waƙar wata Baturiya wadda ko sunanta yawancinmu ba mu taɓa ji ba? To, ba rawarta ce ta dame mu ba, kuma ba ma kiran 'ya'yanmu su kwaikwayi shigarta. Abin da ya ja hankalinmu shi ne hanyar da kuɗin waƙar nan ya bi ya koma gida. Tun a tsakiyar shekarun 2000 Robyn ta raba gari da babban kamfanin da ke riƙe da ita saboda saɓani kan irin kiɗan da take son yi, ta kafa nata mai suna Konichiwa Records, kuma a ƙarƙashinsa ne waƙar ta fito. Bayan haka Suwidin tana da ƙungiyar STIM, wadda tun 1923 take karɓar kuɗi daga gidajen rediyo da talabijin da wuraren taro tana raba wa masu waƙa. Don haka ko da wani ne ya sake rera ta a wata ƙasa, ya yi suna da ita, akwai rabon da dole ya koma wa waɗanda suka ƙirƙiro ta, domin sunayensu na rubuce a inda ya kamata. Ƙasa ce mai mutane miliyan 10 da 'yan kai, ba ta kai rabin Nijar yawan jama'a ba, amma ta mayar da waƙa haja kamar yadda muka mayar da albasa da wake.

Kada a ɗauka cewa kiɗan na'ura baƙo ne a ƙasar nan. Idan za a iya tunawa, tun a 1978 Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai da wata na'urar kiɗa ƙirar Italiya, ya juya tsofaffin waƙoƙin gargajiya na ƙabilun Nijar zuwa sabon sauti. Kaset ɗin da aka buga kaɗan ne ƙwarai, amma rediyo da talabijin sun yi shekaru suna sa kiɗan tsakanin shiri da shiri, har manya da yara suka haddace shi ba tare da da yawansu sun san mai shi ba. Sai a 2013, bayan shekara 35, wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, wanda ya ci karo da kaset ɗin a Yamai, ya sake fitar da shi a faifai, daga nan ne aka fara gayyatar Mamman Sani wasa a Turai. Muna murna da wannan sa'a tasa, amma abin kunya ne a ce sai baƙo ya zo daga ƙetaren teku ya kakkaɓe ƙurar kayanmu sannan mu tuna da darajarsa.

Labarin Mdou Moctar ya fi kusa da mu, domin ta ƙofarmu ya bi. Wannan Ba'abzine ɗan jihar Tawa ya tsallaka Sakkwato a 2008 ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar a irin ɗakunan da ake haɗa waƙoƙin finafinan Hausa, da gangar kwamfuta da na'urar nan mai lanƙwasa murya. Babu kamfanin da ya fitar da shi, babu talla, babu biki. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka yi ta yawo ta Bluetooth da katin memori har suka kai arewacin Mali, inda Kirkley ɗin nan ya tsinci ɗaya daga cikinsu ya sa ta cikin wani faifai mai suna Music from Saharan Cellphones. Sai da ya yi cigiya mai tsawo kafin ya samu mai waƙar. Yau Mdou Moctar yana tare da kamfanin Matador na Amurka, ya fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024, yana kuma zagaya duniya. Tambayarmu ita ce: da wanda ya tsinci waƙar ba mai amana ba ne fa? Da ya sa mata wani suna ya sayar, wa zai kai ƙara, da wace takarda?

Wannan tambaya ita ce ta shafi Dumega kai tsaye. Kowa ya san yadda waƙa ke fitowa a wannan yanki na Dallol Mawri. Yaro zai tara 'yan jikkunansa daga noman rani ko ci-rani, ya nufi Dogon Dutsi ko Doso, ko ya tsallaka iyaka zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato, ya biya mai ɗakin ɗaukar sauti, a ɗora masa murya a kan kiɗan kwamfuta. Idan ya dawo, wurin farko da zai kai ta shi ne rumfar mai cajin waya, sai kuma WhatsApp. Ran kasuwa mai rumfa zai tura ta cikin katin duk wanda ya miƙo 'yan daloli, kafin mako ya zagayo an ji ta a Kore Mairuwa da Gesheme, ana sa ta a gidan biki da cikin motocin haya, 'yan kabu-kabu suna tafe suna bi. Mai caji ya samu, mai kayan sauti na biki ya samu, kamfanin waya ya sayar da data. Shi kuwa mai waƙar, in ban da liƙin da za a yi masa ranar da aka gayyace shi, sai kirari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wani lokaci ma fayil ɗin da ke yawo ba ya ɗauke da sunansa, sai lamba kawai, ko sunan mai rumfar da ya fara tura shi.

Abin da wannan hali ke haifarwa a fili yake. Tunda waƙa ba ta ciyar da mai ita ta hanyar masu saurare, dole ya nemi wanda zai biya shi nan take, wato mai kuɗi ko mai mulki. Shi ya sa basirar yaranmu ta ƙare a wasa attajirai da habaici ga abokan hamayyarsu. Muna yawan zargin matasa da cewa waƙoƙinsu ba su da ma'ana idan aka gwada da na mazan jiya, amma ba ma tambayar kanmu wa ke biyan mai ma'anar.

Kuma ba doka ce babu ba. Nijar tana da hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA, tun shekarun 1990, sannan a watan Disamban 2010, shekarar da waƙar Robyn ta fito, aka sabunta dokar haƙƙin mallaka wadda ta haɗa da kayan al'adun gargajiya. Muna da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai, muna da gasar Ɗan Gurmu da ake yi don tunawa da shahararren makaɗin nan na Tawa. Matsalar ita ce mawaƙin ƙauye yana ganin duk waɗannan abubuwa na mutanen birni ne. Daga Dogon Dutsi zuwa Yamai kusan kilomita 300 ne, kuma wanda bai yi lakwal ba, aka ce masa ya je ya cika takarda da Faransanci don ya yi rajistar waƙar da ko kuɗin mota ba ta kawo masa ba, ai sai ya ce a kai kasuwa.

Akwai masu cewa intanet ta warware komai, a ɗora waƙa a Spotify ko YouTube kawai a jira kuɗi. Spotify ɗin ma, ga wanda bai sani ba, kamfanin Suwidin ne, kuma ya buɗe ƙofarsa ga Nijar da Nijeriya a 2021. Sai dai daga 2024 ya kafa ƙa'idar cewa waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba, ba ta da rabo. Ban da haka sai mawaƙi ya samu dillalin da zai ɗora masa da asusun da za a biya shi. Masu sauraren ɗan Dumega kuwa manoma ne da 'yan kasuwa da matan gida waɗanda ke jin sa daga katin memori, inda babu na'urar da ke ƙirga su. Mutum dubu goma za su iya haddace waƙarsa a Arewa, amma a lissafin Sitokholm babu wanda ya ji ta.

A namu ra'ayin, kuskure ne babba a ce za a tura jami'an tsaro su kama masu rumfar caji. Su ne rediyonmu, su ne kantin faifanmu, kuma ba don irinsu ba da Mdou Moctar bai fita daga jeji ba. Abin da ya dace shi ne BNDA ta zauna da su, ta ba su lasisi a kan ɗan kuɗi ƙalilan a wata wanda ba zai karya su ba, a tara a raba wa mawaƙan yankin da suka yi rajista. Masu kayan sautin biki ma haka. Rajistar kuma a kawo ta kusa: wakilin hukumar ya riƙa zuwa Tibiri da Dogon Dutsi ko da sau ɗaya ne a wata uku, ran kasuwa, a yi bayani da Hausa, a karɓi waƙa a waya, a ba mutum shaida a hannu. Gidajen rediyon karkara su ajiye littafin da za su riƙa rubuta abin da suka sa da sunan mai shi, mai gabatarwa kuma ya faɗi sunan a iska. Masu ɗakunan ɗaukar sauti su daina sakin fayil babu sunan mawaƙi da garinsu da shekara, aikin da bai fi minti biyu a kwamfuta ba. Su ma mawaƙan su sani cewa duk wanda ya zo daga Yamai ko Kano ko Turai yana son waƙarsu, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a faɗi rabon kowa, kamar yadda ake yi in za a jinginar da gona.

Wanda ya fi gaggawa duka shi ne batun tsofaffi. Ƙasar Arewa, daga Matankari zuwa Lugu zuwa Tibiri, gida ce ta masu goge da gurmi da makaɗan fada da na noma da na kokawa, waɗanda ke riƙe da tarihin sarauta da kirarin zuriya a ka. Marigayi Malam Mamman Barka ya yi tattaki zuwa bakin tafkin Chadi a farkon shekarun 2000 don ya koyi kiɗan biram daga tsohon da ya rage yana kaɗa shi, ya fitar da faifai a Turai a 2009, ya rasu a 2018. Da bai yi tafiyar nan ba, da yanzu sai labari. Namu tsofaffin ba su buƙatar tafiya mai nisa, suna nan cikin unguwanni, kuma wayar da ke aljihun jikokinsu ta isa ta ɗauki muryarsu. Muna kira ga masu riƙe da ragamar ƙaramar hukumar Dumega da fadar Samna a Tibiri da ƙungiyoyin 'yan asalin yankin mazauna Yamai da Kwatano da Legas da su ɗauki nauyin wannan aiki a ranin bana, bayan an gama girbi: a bi su gida-gida, a ɗauke su da yardarsu, a rubuta sunan kowa da na ubangidansa a sana'a, a ajiye kwafi ɗaya a garin, ɗaya a wurin BNDA, ɗaya kuma a hannun iyalansa.