Tom Holland da Hikimar Komawa Dandali

A shekarar 2024, Tom Holland ya koma dandalin wasan kwaikwayo a Landan a matsayin Romeo, alhali fina-finan Spider-Man sun riga sun kai sunansa ko'ina. Wannan ba koma-baya ba ne. An haife shi a 1996, kuma yana ɗan shekara 12 ya fara rawa a wasan Billy Elliot, ido da ido da 'yan kallo. A dandali ba a maimaita ɗauka, babu kwamfutar da ke rufa wa jarumi asiri. Rigar Spider-Man kuwa ta aro ce: Tobey Maguire da Andrew Garfield sun sa, sun tuɓe. Ranar da kamfani ya karɓi abinsa, gwanintar dandali ce za ta riƙe Holland.