Tsohuwar Bindiga Da Sabon Saiti

A wannan wata mun ajiye maganar makaranta da ta kasuwar albasa, za mu taɓa wani batu wanda muka san wasu za su ce ina ruwan malamin lakwal da shi, wato batun bindigar farauta. To, ba mu muka nemi maganar ba, ita ce ta iske mu har gida.

Wani dattijo ne maƙwabcinmu a nan Malanville, wanda duk unguwa ke kira Baba, ya aiko jikansa bayan sallar la'asar wai yana son ganinmu. Mun ɗauka wasiƙa ce ta Faransanci za mu karanta masa kamar yadda muka saba. Da muka shiga zaure sai muka tarar ya shimfiɗa wata doguwar bindiga a kan buzu, ƙotarta ta yi baƙi ƙirin saboda gumin hannu da man shafawa na shekaru. Ya ce, "Malam, wannan ta mahaifina ce. Ta fara yi mini ƙarya. In na auna nan sai ta bugi can. An ce akwai wani madubin hange da ake ɗaura wa bindigogin zamani, ina so ka duba mini, in ya yiwu a kai wa maƙeri ya cire wannan tsohon saiti ya liƙa mini shi."

Muka ce, "Baba, bari mu fara gaisawa da ita tukuna."

Da muka goge tsatsar gefen sakata sai rubutu ya fito, sunan garin Saint-Étienne na Faransa da lambar 1874. Masu irin wannan a gida, ga tarihinta a taƙaice. Ana kiranta Gras, da sunan hafsan sojan Faransa Basile Gras wanda ya tsara ta, kuma a shekarar 1874 sojan Faransa suka karɓe ta. Harsashi ɗaya take ci, mai kaurin milimita 11, da baƙin albarushi mai hayaƙi. Ba ta daɗe tana sarauta ba, domin a 1886 aka fito da Lebel mai albarushi marar hayaƙi, sai Gras ta zama kwantai. Daga baya 'yan kasuwa suka saye su da yawa, aka share zanen cikin bututun ya zama sumul, aka mayar da su na farauta masu araha, aka yi ta sayar wa manoman Faransa da ƙasashen da take mulka. Ta Baba tana cikin waɗannan. An cire mata tsanin saitin soja mai lambobin ɗaruruwan mitoci, an bar mata 'yar tsaga a baya da ɗan tsini a gaba.

Dalilin da ya sa dattawanmu ke ji da irin wannan bindiga kuwa, a yarjejeniyar da Turawa suka ƙulla a Brussels a 1890 sun amince cewa a yawancin Afirka, har da nan, kada a sayar wa baƙar fata bindiga sai mai ƙanƙara marar zane a ciki, wato irin adakar nan ta ɗure. Saboda haka wanda ya samu izinin riƙe mai harsashi a zamanin Dahomey ba ƙaramin mutum ba ne. Haka ma Simplex mai baki ɗaya ta kamfanin Manufrance, wadda har yau sunanta yake bakin maharba daga nan har Kandi.

Yanzu sai mu zo kan saiti, wanda shi ne ainihin maganar. Abubuwa huɗu ne suke jeruwa a kan layi ɗaya in mutum zai yi harbi: idonsa, tsagar baya, tsinin gaba, da abin da ya auna. Idan tsini ko tsaga ya goce daga inda ya kamata, bututu zai kalli wani wuri dabam alhali ido yana ganin kome daidai. Ƙa'idar gyaran ba ta da wuya, amma nan ne mutane da yawa ke juya ta. Tsagar baya ana matsar da ita wajen da ake so harsashi ya koma. Tsinin gaba kuwa akasin haka ake yi masa. In bindiga tana bugun hagu, ko dai a matsar da tsaga dama, ko a matsar da tsini hagu. In tana bugun sama, tsinin ya yi gajere, sai a sa wanda ya fi shi tsawo. In tana bugun ƙasa, ya yi tsawo, sai a rage shi da magagari kaɗan-kaɗan, ana tunawa da cewa ƙarfen da aka goge ba ya dawowa.

To nawa za a matsar? A nan ne malamin lissafi ya samu abin faɗi, kuma ku gafarce mu in mun ɗan daɗe a kai. Alwatika biyu ne masu kama da juna, ƙarama a kan bindiga, babba daga bindiga zuwa abin harbi. 'Yan kwaleji sun san abin da sunan Thalès, 'yan ajin ƙarshe na firamare kuwa lissafin nan ne na uku-a-nemi-na-huɗu da muke sha da su kowace shekara. A auna tazarar tsaga da tsini, a ce santimita 60. A auna nisan abin harbi, a ce mita 30, wato santimita 3,000. A ce harsashi yana kaucewa da santimita 15. Sai a ninka 15 sau 60, a samu 900, a raba da 3,000, a samu 0.3 na santimita. Milimita 3 ke nan, bai kai kaurin ashana biyu ba. Wannan ɗan abin shi ne tsakanin zabon daji a tukunya da dawowa gida hannu rabbana. Yaran da ke tambayarmu kullum ina amfanin wannan lissafi in an bar makaranta, to ga shi.

Sai dai kafin a taɓa kowane ƙarfe akwai tambayar da ta kamata a yi. Muka ce, "Baba, in ta yi ƙaryar, wane gefe take bugu?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce wani lokaci hagu, wani lokaci sama, ranar nan ma ƙasa ta tayar da ƙura.

Jikinmu ya ɗan yi sanyi. Duk wanda ya yi shekaru yana gyaran takardun yara ya san bambancin yaro mai kuskure iri ɗaya kullum da mai kuskure barkatai. Na farkon wata ƙa'ida ce ya riƙe a karkace, kana daidaita ta ya warke. Na biyun matsalarsa tana wani wuri, ko bai ci abinci ba, ko ba ya ganin allo. Haka saiti yake. In ya goce, gefe guda zai riƙa kai harsashi kowane lokaci. Bugu barkatai ba aikin saiti ba ne.

Ba mu faɗa masa haka nan take ba, don dattijo ba a yi masa gatse a zaurensa. Muka ce a gwada, kuma ba sai an yi harbi ba. Irin wannan bindiga ana iya zare sakatarta, a tabbata babu kome a ciki, a leƙa ta cikin bututu daga baya kamar mai leƙen kara. Muka ɗora ta a kan buhun rairayi bisa turmi a ƙofar zaure, jikan ya ɗauki gawayi ya zana baƙin tabo kamar faɗin faifai a jikin katangar da ke can ƙarshen fili, muka auna da igiya, mita 30. Muka daidaita bututu har tabon ya zauna a tsakiyar rami, sa'an nan ba tare da mun motsa ta ba muka ɗaga ido muka bi ta kan saiti. Ya kauce dama da abin da bai wuce santimita 5 ba. A lissafinmu na ɗazu milimita 1 ke nan. Tsinin ya ɗan lanƙwashe, ga alama ta taɓa faɗuwa, amma wannan bai isa ya sa a kuskure gadu a gonar masara ba.

Muka ce, "Baba, zo ka duba da kanka." Ya durƙusa, ya kanne ido, ya daɗe. Can sai ya ce wa jikan, "Kai, je ka zana tabon mana." Yaron ya dube mu, mu ma muka dubi ƙasa.

Da ya gane abin da ya faru sai ya sallami yaron, ya zauna a kan buzu. A nan ne ya gaya mana abin da ya sa ya aika a kira mu. A daminar da ta wuce, gab da magariba, ya hangi wani abu yana motsi a gefen gonarsa ta wajen kogin Sota, ya ɗauka gadu ne, ya sakar masa. Ashe ɗan maraƙin wani Bafulatani ne. An sasanta a gaban dattawa, ya biya, magana ta mutu. Amma ya ce abin da ke hana shi barci shi ne, ta wannan hanyar ce yara ke bi in sun taso daga kiwo, kuma yaro in ya sunkuya tsayinsa bai wuce na maraƙi ba.

Sanin kowa ne ido yana tsufa. Daga shekara 40 zuwa sama yakan fara kasa ganin abu na kusa, shi ya sa tsagar baya ce take fara dushewa ga maharbi. Mu kanmu da muke wannan dogon bayani sai da muka miƙa hannu nesa kafin mu karanta lambar da ke jikin sakatar, kuma tabarau ɗin da aka rubuta mana tun bara yana cikin aljihun tebur, wanzami ba ya son jarfa. Irin wannan yana da dabara: a ɗan faɗaɗa tsagar don haske ya shiga ta gefe biyu, ko a sa tsini mai kan tagulla da ke ɗaukar ido, ko a maye tsagar da ɗan faranti mai huda a kusa da ido, domin duba ta ƙaramin rami yana ƙara wa gani kaifi. Amma wanda ba ya ganin tabo kamar faifai a mita 30 da rana tsaka, nasa ya wuce nan. Da muka dubi ƙwayar idon Baba a haske mun ga fari-fari a ciki, irin wanda ake gani ga masu yanar ido. Mu ba likita ba ne, amma mun san ana yi wa yana aiki a warke, kuma akwai asibitin ido a Tinré kusa da Parakou da mutanenmu ke zuwa.

Madubin hangen da yake so kuwa, mun ba shi shawara ya bar shi. Ba ya share yana, abin da ya dushe zai ƙara masa girma ne kawai a dushensa. Bututu marar zane ba ya kai harsashi daidai in nisa ya yi yawa, saboda haka hango abu a mita 100 ba shi ne samunsa ba. Kafin a ɗaura shi kuma sai an huda ƙarfen bindiga ko an sa mata wutar walda, kusa da wurin da albarushi ke fashewa, a ƙarfen da aka ƙera tun kafin a haifi kakanninmu. Maƙeranmu gwanaye ne a kan garma da lauje, ba mu raina su ba, amma wannan aiki ne na wanda ya koyi gyaran bindiga, in ba haka ba garin neman gira a rasa ido. Haka nan kada wanda ya cusa wa irin wannan tsohuwa harsashin zamani don ya ga ya shiga. Don baƙin albarushi aka gina ta, na yanzu ya fi shi ƙarfi.

Akwai kuma maganar takarda, wadda ta shafe mu mu Hausawa fiye da yadda muke so mu yarda. Farauta a ƙasar nan tana ƙarƙashin doka mai lamba 2002-16 ta 18 ga Oktoba 2004, wadda ta ce sai da izini, kuma hukuma ce ke buɗe lokacin farauta ta rufe. Riƙe bindigar kanta izininsa dabam. Izinin da aka ba mahaifi da sunansa ba ya zama na ɗa don kawai an raba gado. Da can ana kawar da kai ga irin wannan, amma Alibori ta yau ba ta jiya ba ce. A 2020 ƙungiyar African Parks ta karɓi kula da gandun dajin W, a watan Fabrairu na 2022 nakiyoyi suka hallaka mutum 9 a cikinsa, a wannan shekarar kuma soja suka ƙaddamar da aikin tsaro na Mirador a arewa. Mutumin da aka gani da doguwar bindiga a bakin daji ta wajen Guéné ko Karimama, ga madubin hange a kanta, ga shi babu takarda, ba lalle ne a tsaya sauraron tarihin mahaifinsa ba. Shi ya sa ma muka yi gwajinmu da leƙe, ba mu tayar da hankalin unguwa da ƙara ba.

Da muka tambayi Baba takardunta, ya ɗauko wata tsohuwar jakar fata. Takarda ɗaya ce a ciki, ta yi ja, ta kakkarye a wuraren ninki, da sunan mahaifinsa da hatimin zamanin Dahomey. Mun yi masa alkawarin rubuta masa takardar neman a daidaita ta da sunansa, mu kuma raka shi, in ya yarda a fara zuwa wajen likitan ido.

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya dai naɗe sakatar a tsumma ya miƙo mana, ya ce mu ajiye masa a gidanmu sai ya nema. Bindigar ya mayar da ita kan ƙusarta a bango, da ɗan lanƙwasasshen tsininta yadda yake. Mako uku ke nan, bai aiko ba tukuna. Jiya da safe dai jikan ya tsayar da mu a ƙofar makaranta, wai Baba na tambaya nawa ne kuɗin mota zuwa Parakou.