Mai Ɗaukar Hoton Ungulu Ba Mahaukaci Ba Ne

A ƙasar nan, in ka zaro waya ka haska fuskar gawar da aka ciro daga motar da ta yi taho-mu-gama a hanyar Zariya, babu wanda zai ce maka kanzil. Matsa maka ma za a yi ka samu wurin tsayawa, kafin ka isa gida kuma 'yan zauren WhatsApp sun gama sa maka albarka wai ka kawo labari da ɗumi-ɗuminsa. Amma durƙusa ka saita wayar nan a kan tsuntsu, ko ka kwanta rub da ciki a tsakar gida kana jiran kyanwa ta waiwayo, nan take za a fara tambaya ko lafiyarka ƙalau. Wannan ya ce zaman banza ne, wancan ya ce boko ne ya taɓa shi, wata gwaggo can ta soma cigiyar mai ruƙiyya. Wannan karkataccen hankali ya ishe ni.

Waɗanda nake karewa ba masu hoton biki ba ne, su waɗannan kuɗi suke karɓa, kowa kuma ya fahimci neman kuɗi. Ina nufin ɗalibi, da malamar firamare, da tela, da ma'aikaciyar jinya, masu riƙe da Tecno ko Infinix ko Redmi, waɗanda ba su da wani buri sai su kama tashin tantabarunsu da safe, ko haɗuwar hadari ta gabas, ko shamuwa ta farko da ta sauka kan tsamiya, ko hayaƙin mai tsire a cikin hasken fitilarsa bayan isha. Ba su roƙi kowa sisi ba. Ba su tare wa kowa hanya ba. Laifinsu kawai sun tsaya sun kalli abin da mu muka daina kallo.

Bari in tambayi masu dariya: yaushe rabonku da ganin ungulu? Ku yi tunani sosai kafin ku amsa. Duk wanda ya haura shekara arba'in ya san lokacin da ba ka shiga kwata ko kasuwar ƙauye ba ka tarar da su jere kan katanga ba, suna jiran mahauta su watsar da abin da za su watsar. Har kora ake yi ba sa tafiya. Yau ka zaga manyan garuruwanmu mako guda ba ka ga ko ɗaya ba. A shekarar 2015 ƙungiyar IUCN, mai riƙe da jerin halittun da ke neman ƙarewa a duniya, ta saka irin ungulun nan tamu ta cikin gari a ajin waɗanda ke dab da shuɗewa. Guba ta kashe wasu, fataucin kai da ƙafafunsu a rumfunan masu magani ya cinye wasu, dogayen itatuwan da suke sheƙa a kai kuma mun mai da su itacen girki da gawayi. Tsuntsuwar da ƙwai ɗaya tal take sakawa a lokacin haihuwarta ba za ta iya jure wannan ɓarna ba. Ta ɓace a kan idonmu, kuma ka bi gidajen unguwarku ɗaya bayan ɗaya, da wuya ka samu hoto guda da zai nuna wa yaro yadda kwatar garinsu take a lokacin da ungulu ke cikinta. Akwatunanmu cike suke da hotunan suna da na kamu da na walima. Gauraka ma, mai tukku kamar an ɗaura mata rawani, haka ta yi ƙaranci a fadamunmu ba tare da an yi mata ko sallama ba.

To wannan yaron da kuke kira mara aikin yi, shi ne kaɗai ke ajiye shaida. Kuma ba zancen fatar baki nake yi ba. A Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI, wadda tun 2015 take tafiyar da aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, 'yan sa-kai kuma su shiga su rubuta duk tsuntsun da suka gani a wayarsu. In mutum ya ce ya ga wani baƙon tsuntsu inda ba a san shi ba, hoto ne ke raba gardama, gani ya kori ji. Da irin wannan tarkacen hotuna na mutanen da ba a biya ba ake gane wane tsuntsu ne ya ragu, wanne ya ƙaura, wanne ya daina zuwa fadamar Hadejiya da Nguru daga Turai in sanyi ya kama.

A Nijar ma haka. Raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, su ne ragowar irinsu a duk yammacin Afirka. A tsakiyar shekarun 1990 ba su cika 50 ba, daga baya suka haura 600, har aka kwashi takwas a 2018 aka kai su gandun Gadabeji a jihar Maradi. Yaya ake ƙirga su? Da hoto. Zanen jikin kowane raƙumin dawa daban yake da na ɗan'uwansa, sai a ɗauke shi ta dama da ta hagu a adana. Da a wata unguwar tamu mai wannan aiki yake, da tuni an raɗa masa suna.

Inda raina ya fi ɓaci shi ne maganar gine-gine. Badalar Kano, wadda Sarki Gijimasu ya aza harsashinta shekara kusan 900 da suka wuce, mun cinye ta da rana tsaka: wannan ya ɗebi ƙasa, wancan ya yanki fuloti, wani ya kafa gidan mai. Ƙofar Na'isa an rushe ta a 2010 don a faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da wata sabuwa. Kududdufan cikin birni da ke shanye ruwan sama an cike su an yi gini, shi ya sa kowace damina ruwa ke kwana a ɗakunan mutane. In kana son ganin yadda birnin yake a da, sai ka koma ga zanen da Bajamushe Heinrich Barth ya yi daga kan Dala a 1851, ko hotunan jami'an mulkin mallaka da ke ajiye a ɗakunan tarihin Ingila. Wato baƙo ya zo daga wata uwa duniya, ya sha zazzaɓi da ƙishirwa, ya zauna ya zana garinmu, mu kuma da kyamara a aljihun kowa muna jiran wani baƙon.

A watan Agustan 2023 wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu tun shekarun 1830, ya rufta kan masallata, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. A Satumban 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Damagaram. In ginin ƙasa ya faɗi, abin da magini zai duba ya mayar da bakan gizo da zanen bango yadda suke shi ne awo da hoto. Cikin waɗanda suka yi wa masallacin Zariya awo na tsanaki akwai Dmochowski, mutumin ƙasar Poland, wanda aikinsa ya sa ake da kwafin masallacin a gidan tarihin Jos. Mu da muka yi ɗaruruwan Juma'o'i a inuwarsa fa? Ga mu nan a hoto mun sha babbar riga, mun kare ginin da ƙeyarmu.

Haka nan tafiye-tafiyenmu. Mutum zai ƙona mai har Yankari, gandun da ya haura murabba'in kilomita 2,000, da giwayensa da ɓaunansa da gwankinsa, ya dawo da hotuna ɗari na fuskarsa a bakin ruwan Wikki, an goge ta da manhaja har mahaifiyarsa sai ta ƙura ido kafin ta gane shi. Shi wannan ba a ce masa mahaukaci.

Sai batun dare, wanda nan ne abin ke tashi daga dariya ya koma barazana. Hoton dare aikin haƙuri ne. Waya ba ta ganin duhu yadda take ganin rana, dole ta buɗe ido na wasu daƙiƙoƙi tana tattara haske, ko ta ɗauki hotuna da yawa a jere ta haɗe su su zama ɗaya. In hannu ya motsa ko kaɗan, komai ya dagule. Shi ya sa za ka ga yaro ya jingine waya da dutse, ya saita ta ta ɗauka da kanta bayan ya janye hannu, ya tsaya shiru kamar an dasa shi. Dole ya nisanci ƙwan janareto, ya zaɓi daren da babu wata, ya kuma fi dacewa a ƙarshen damina sa'ad da ruwa ya wanke ƙura, kafin hazo ya rufe sama. A irin wannan dare ne Kaza da 'Ya'yanta ke fitowa tar, da farin zanen taurarin nan da ya ratsa sama daga wannan gefe zuwa wancan. Mutanen Turai kuɗi suke biya su yi tafiya mai nisa don neman duhun da za su ga wannan. Mu kuwa kamfanin wuta ya ba mu shi kyauta kusan kullum, ita ce kaɗai alfarmar da na san yana yi mana ba tare da ya kawo takardar kuɗi ba.

Amma tsayuwar nan shiru da waya a cikin dare ita ce ke jawo wa yaro fitilar 'yan sintiri a ido. Na taɓa tsayawa a kan wani matashi da aka titsiye a gindin wata gada saboda yana ɗaukar jan layin da fitilun motoci ke bari in waya ta daɗe tana kallo. "Kai, wa ya aiko ka? Buɗe mu gani. Goge!" Ya buɗe, suka ga fitilu, suka ga kyanwa, suka ga faɗuwar rana. Duk da haka sai da ya goge, kuma sai da na goro ya fita kafin wayar ta koma hannunsa.

Kada wani ya karanta mini tarihin rashin tsaro, na san shi. Wanda ya kwana a Kano ranar hare-haren 20 ga Janairun 2012 ba ya buƙatar a koya masa dalilin tsoro. Na kuma san dokar sirrin gwamnati ta 1962 ta hana ɗaukar hoton wuraren tsaro, ban kuma ce a bar kowa ya haska bariki ko shingen sojoji ba. To amma kuka fa? Kududdufi fa? Sararin samaniyar Allah fa? Mai mugun nufi ba ya kafa waya rabin sa'a a fili yana jiran gajimare ya wuce, taswirar Google ta riga ta nuna masa rufin kowane gida daga sama yana kwance a ɗakinsa. Wanda ake kamawa kullum shi ne wanda bai ɓoye komai ba. Da an bi wannan tunani har ƙarshe, da Fati Abubakar, 'yar Maiduguri da ta karanci aikin jinya, ba ta fita da kyamara a 2015 ta fara aikin hotunanta na Bits of Borno ba, da duniya ba ta ga amare da 'yan makaranta da 'yan kasuwar Borno ba a lokacin da ba a nuna komai daga can sai gawa da toka.

Akwai kuma masu jawo addini in sun rasa hujja. Malamai sun yi saɓani a kan hoton mai rai, wannan sananne ne, kuma wanda ya zaɓi ya ƙaurace masa gaba ɗaya ina girmama shi. Amma hoton itace da dutse da tauraro ba a nan saɓanin yake ba. Wanda kuma ke sauya hoton fuskarsa a Facebook duk Juma'a ba shi da bakin yi wa mai hoton mage wa'azi. Addinin da ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa ta hana ta abinci, wanda babban mai ruwaito hadisinsa ma da 'yar kyanwa ake yi masa alkunya, ba shi ne ya koya mana jifar mage da kashe mujiya don camfi ba. Yaron da ya yi awa guda yana kallon dabba don ya ɗauke ta da kyau, da wuya ka gan shi gobe ya ɗaure mata gwangwani a wutsiya.

Abin da ya fi ƙona rai, ranar da hoton yaron nan ya yi kyau, masu dariyar ne ke fara sace shi. A yanke sunansa daga ƙasa, a liƙa a shafi, a rubuta "Arewa ta gode Allah". Har hukumomi da 'yan siyasa na yi: a kwashi hoton ɗan talaka a buga a kalanda da allon talla, ko sannu ba a ce masa ba, alhali dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ce hoton na wanda ya ɗauka ne. In ba a samu na sata ba, sai a ɗauko tsaunukan wata ƙasa a ce Mambila ce, ko a sa kwamfuta ta ƙirƙiro wata Kano mai dogayen benaye da babu ita a doron ƙasa, dubban mutane su yi ta "Masha Allah".

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. Kowace rundunar 'yan sanda ta jiha ta fitar da jerin wuraren da aka hana ɗaukar hoto, a kafa allo a wurin da Hausa da Turanci, a kuma karanta wa 'yan sintirin unguwa shi a gaban mai unguwa. Inda babu allo, wanda ya ƙwace wayar yaro ya sa shi goge hoto, ko ya karɓi kuɗi kafin ya mayar, a kira abin da sunansa: ƙwace. Hukumar da ta buga hoton wani kuma ta nemo shi ta biya shi, ta rubuta sunansa da harafin da ido zai iya karantawa.