Fedal ɗin wah: a daina sayen suna, a koyi taku

Wannan makon za mu ɗan ajiye alƙalami mu leƙa wajen masu gita mai lantarki, kuma na san wasu za su ji haushina. Ƙorafina biyu ne: samarinmu suna sayen fedal ɗin wah saboda sunan da aka manna masa, sannan in sun saya sai su mai da shi abin surutu.

Ga wanda bai san shi ba, wah wani ɗan akwati ne da ake takawa kamar totur ɗin mota, yana tsakanin gita da amfilifaya. Aikinsa tace sauti: yana ɗaga wani siririn yanki na sautin ya danne sauran. Ka danna diddige sai sautin ya yi kauri kamar an rufe baki ana cewa "u". Ka danna yatsu sai ya buɗe ya yi kaifi kamar "a". A samfurin Cry Baby na gama-gari, yankin yana tafiya ne daga wajen Hz 350 zuwa 2,200. Marubuci ya kiyaye nan, kada ya ce wah na aiki irin na kalangu. Kalangu in an matse tsarkiyarsa muryar ce ke hawa da sauka. Wah kuwa muryar tana inda take, launinta kawai ke sauyawa.

Mu zo kan suna. Injiniya Brad Plunkett ne ya haɗa wah a 1966 a kamfanin Thomas Organ da ke Kalifoniya, aka fito da shi kasuwa a 1967 da tambarin Vox. Sunan wa aka sa masa? Clyde McCoy, mai busa ƙaho, wanda ba shi da hannu a ƙera shi. Tun ran gini tun ran zane: suna a jikin fedal dabarar ciniki ce. Yau ma haka ne. Saurayi zai tara kuɗin wata da watanni don ya mallaki fedal mai sunan wani gwani, yana zaton ƙafar gwanin na cikin kwalin. Ba ta ciki.

To me za a duba? Na farko, a gwada shi da gitarka, a taka a hankali daga diddige zuwa yatsu, a saurari ko sautin na tafiya sumul ko yana tsalle. Na biyu, ƙura. Cry Baby da Vox V847 suna aiki da wani maɓallin murɗawa da haƙoran roba ke juyawa, kuma in ƙura ta shige shi ko ya lalace da taku sai ya fara ƙarar ƙaiƙayi. Mai zama inda hunturu ke cika ɗaki da ƙura ya kamata ya yi tunanin samfuran Morley, waɗanda ke aiki da haske a maimakon wannan maɓalli. Na uku, a kashe fedal ɗin a saurara, domin wasu tsofaffin samfura suna shanye kaifin gita ko a kashe suke. Na huɗu, a tabbata yana karɓar adafta mai volt 9, kada batir ya mutu ana tsakar biki. Wajen jera waya kuma, galibi ana sa wah kafin fedal ɗin da ke kausasa sauti.

Sai babban laifin, wato taku. Wasu da zarar sun kunna sai ƙafa ta kama rawa a kan kowane bugu, daga farkon waƙa har ƙarshe. Wannan kamar mutum ne da ke buɗe baki da rufewa ba tare da ya ce komai ba. Ku saurari yadda Jimi Hendrix ya buɗe "Voodoo Child (Slight Return)" a 1968: ƙafar tana bin jimlar kiɗan, tana buɗewa inda ake son nauyi. Akwai ma masu tsayar da fedal ɗin a tsakiya su bar shi a nan, don samun wani sauti mai fita kamar ta hanci.

Wani zai ce, ai Charles Pitts ya yi ta takawa bi da bi a "Theme from Shaft" ta Isaac Hayes a 1971, kuma duniya ta yaba. Gaskiya ne. Amma a can gitar aikin ganga take yi, kuma hannun damansa ne ke riƙe da lokaci daidai da mai ganguna. Wanda hannunsa bai nuna ba, wah ba zai rufa masa asiri ba, sai ma ya ƙara tona shi.

Shawarata ga mai koyo: ka kaɗa jimlar ba fedal har ta zauna, ka rera ta da bakinka, inda bakin ya buɗe nan ƙafa za ta danna. Mu ma masu alƙalami da ke cusa karin magana a kowane layi, wannan tsokacin bai tsallake mu ba. Wanda bai yarda ba, fili nasa ne, amma ya zo da waƙar da zai kafa hujja da ita.