Kalma ɗaya, ma'ana barkatai: darasin da park ke koya mana

A kwalejojinmu har yanzu ana koyar da Ingilishi da jerin kalmomi: a rubuta kalma a allo, a sa fassararta ɗaya ta Faransanci a gefe, a ce yara su haddace. Ni a ganina wannan hanya tana cutar ƴaƴanmu, kuma kalmar park kaɗai ta isa shaida.

Yaro ya haddace cewa park lambun shaƙatawa ne, kamar Hyde Park na birnin Landan. To amma national park gandun daji ne da gwamnati ta keɓe, irin Yellowstone na Amurka da aka kafa a 1872, ko gandun W namu da ya samu wannan matsayi a 1954. In kalmar ta zo a matsayin aikatau, nufinta a ajiye mota. Daga nan Hausa ta samo "fakin", shi ne kuma harafin P da ke jikin giyar mota mai otomatik. Ɗan Maraɗi da ya tsallaka Jibiya ko Katsina zai ji ana cewa motor park, wato tasha. Masu kallon ƙwallo sun san park the bus: ƙungiya ta koma baya gaba ɗaya ta tare gidanta.

Asalin kalmar daga tsohon Faransanci ne, ma'anarta fili mai shinge. Yaron da aka nuna wa wannan tushe zai ga zaren da ya haɗa yawancin ma'anonin: wuri ne da aka keɓe don wani abu.

Na san uzurin abokan aikina: aji ya cika maƙil, littattafai sun yi kaɗan, ga BEPC na tafe. Gaskiya ne. Sai dai a jarrabawar ma nassi ake ba yaro ya karanta, kuma wanda ya riƙe ma'ana ɗaya tak nan yake tuntuɓe. Rubuta jimla uku a allo maimakon fassara ɗaya ba ya cin ko dala.

Iyaye kuma, ko ba ku jin Ingilishi kuna da abin yi. Ku tambayi yaro bambancin cin tuwo, cin kasuwa, cin amana da cin jarrabawa. In ya gane cewa "ci" na Hausa yana sauyawa gwargwadon abin da ke kusa da shi, sai ku ce masa na Turawa ma haka yake, ya riƙa karanta jimla duka kafin ya fassara.