Waƙafi Biyu Na Iya Rage Wa Mutum Mata

Masu cewa waƙafi ado ne, kowa ya sa inda numfashinsa ya tsaya, yau da ku nake.

A nahawun Ingilishi akwai abin da suke kira appositive, wato suna ya biyo bayan suna, duka biyun abu ɗaya suke nufi. Dokarsa gajera ce. In suna na biyu ƙarin bayani ne kawai, za a iya cire shi ba a rasa gane wa ake nufi ba, sai a killace shi da waƙafi gaba da baya. In kuwa shi ne ke bambance mutum daga cikin irinsa, ba a sa ko ɗaya. Bature in ya rubuta “His wife, Binta, came”, ya gaya maka matar mutumin ɗaya ce. In ya cire waƙafan, akwai wata bayan Binta.

Wani zai ce wannan matsalar Turawa ce. To su da ba sa tara mata ma sun kula da ita, balle mu da rabin littattafanmu labarin kishiya ne? Ka rubuta “Matar Alhaji, Binta, ta shigo” a labarin da Alhaji ke da mata uku, ka ga ka sakar masa biyu ba da saninsa ba.

Haka nake gani a sharhin da ake liƙawa a zauren nan: “Littafin Abubakar Imam, Magana Jari Ce, ya burge ni.” Ke nan shi kaɗai ya rubuta? Ina aka kai Ruwan Bagaja? Amma “Littafinsa na farko, Ruwan Bagaja, ya shiga gasar 1933” daidai ne, domin na farko ɗaya ne tak.

Mafi muni shi ne a buɗe a ƙi rufewa. “Yayana, Sani ya dawo.” Nan ba ka ce Sani yayanka ba ne. Kiran yayanka ka yi, kana ba shi labarin wani Sani ya dawo.

Eh, a baki murya na warware wannan, kuma mai karatu yakan gane daga zaren labari. Amma wanda ya buɗe babi na tara a WhatsApp bai ga na ɗaya ba, kuma alƙalin gasa ba zai kira ka a waya ya tambayi matan Alhaji nawa ne ba.