Rasit Ɗin Dila Bai Fi Doka Ba

'Yan uwa, watan jiya ƙanena ya kwashe adashensa na shekara biyu ya sayi mota ta hannu don ya riƙa haya. Kwana tara kacal, giya ta ƙi shiga. Bakanike ya duba, ya ce tsohon ciwo ne aka lulluɓe. Muka koma wurin dila, sai ya nuna mana rasit, wai in mota ta fita, ta fita.

To, wallahi ba haka ba ne. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba ka wata 3 ka mayar wa ɗan kasuwa kaya mai aibi, ya gyara, ya canza, ko ya dawo da kuɗinka. Sai fa in ya faɗa maka aibin tun farko ka yarda. A musulunci ma, ɓoye aibi ha'inci ne, kuma mai saye na da zaɓin warware ciniki.

Matsalarmu ita ce saurin cewa "Allah ya isa". Ka tafi da bakanikenka. A rubuta lambar inji da duk alkawarin dila a takarda. In an cuce ka, kai ƙara FCCPC. Mu dai mun kai.